Hoton da ke Jawo wa Beyar Harsashi

Yau ina so in tsoma baki cikin wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin masu yawon buɗe ido a dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872.

Da zarar zafi ya kama, daga Yuni zuwa Agusta, sai jama'a su yi ta tururuwa, wasu a mota, wasu su saɓa jaka su bi sawun daji a ƙasa. A 2021 kaɗai sun kusa miliyan 5. Burin kowa ya yi ido biyu da beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da zaƙo-zaƙon farata. Dokar wurin kuwa a fili take: tsakaninka da beyar ko kyarkeci yadi 100, sauran dabbobi yadi 25. Masu tafiyar ƙasa su zama uku ko fiye, su riƙa surutu don kada su yi mata ba-zata, su riƙe gwangwanin feshin barkono, in kuma an yi kiciɓis kada wanda ya ruga, don ba mai tsere mata.

Yawancin mutane sun ɗauka don kare ransu aka kafa dokar. To, ni dai a ganina dabbar ce ta fi bukatarta. Kafin 1970 a buɗe ake jibge shara a dajin, har zama ake yi ana kallon beyar na tonon bola, wasu na miƙa mata abinci ta tagar mota. Wanda ya taɓa kwana a Yankari ya ga yadda birai ke fizge abinci a hannun baƙi zai gane inda wannan wasa ke kaiwa. Daga 1931 zuwa 1969, kusan mutum 48 ake ji wa rauni duk shekara. Da aka rufe bololin, waɗanda suka saba da abincin mutane suka dinga kutsawa sansanin baƙi, aka yi ta harbe su, har a 1975 aka sa nau'in girizli cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Mutum ya lalata mata tarbiyya, ita ta biya da ranta.

Ba beyar kaɗai ba. A 2016 wasu baƙi suka ɗauki ɗan maraƙin ɓauna suka sa a mota, wai sanyi yake ji. Kai jama'a! Garken ya ƙi karɓarsa, dole ma'aikata suka kashe shi.

Na san za a ce mutum ya kashe kuɗinsa, ya ƙetare teku, sai kuma a bar shi da hange daga nesa? E, a bar shi. Ya sayi madubin hangen nesa, ya yi sammako zuwa kwarin Lamar, ya nemi wuri ya zauna. Wanda ya tsaya nesa shi ke ganin dabba a halinta na gaskiya, tana kiwo, tana wasa da 'ya'yanta. Wanda ya matsa kusa, tsoronta ko fushinta kawai zai ɗauka a hoto.

A 2021 wata mata ta tsaya tana ɗaukar wata beyar mai 'ya'ya uku hoto da waya, har uwar ta yi kukan kura ta nufo ta. Alƙali ya ɗaure ta kwana huɗu, wasu na cewa an tsananta. Ni ban ga tsanani ba. Da uwar nan ta kai mata cafka, zancen da za a shiga yi shi ne ko a harbe ta, da kuma yadda za a yi da 'ya'ya uku.