Mota mai makulli ɗaya

Ka tsaya wajen dilolin mota a Jimeta ka saurari ciniki. Za a buɗe gaban mota, a duba baƙin mai, a ƙwanƙwasa jiki ko an taɓa yi mata fenti, a yi ta ja-in-ja a kan takardun kwastan. Daga ƙarshe dila ya miƙo makulli ɗaya tal, mai saye ya karɓa ya yi hamdala. Ba mai cewa, "Alhaji, ina ɗayan?" Alhali ba a fito da mota daga kamfani da makulli ɗaya.

A zamanin Fijo 504 wannan ba abin damuwa ba ne. Mai yankan makulli a Kasuwar Zamani zai goga maka wani kafin ka gama shan ruwan leda. Motocin yau kuwa, a cikin baƙar robar kan makullinsu akwai wani ɗan cif da ko batir ba ya buƙata. Zoben wayar da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba shi wuta, sai ya aika lambarsa zuwa ƙwaƙwalwar motar. In ta san shi, ta saki mai da wuta. In ba ta san shi ba, makullin zai buɗe ƙofa, ya juya lafiya lau, amma injin ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan take. Wannan tsaron shi ne imobilaiza. Jamus da Ingila sun wajabta shi a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007, kuma daga irin waɗannan ƙasashen ne wasu 'yan Beljiyam ɗinmu ke zuwa.

Saboda haka aikin yin sabon makulli ya zama biyu: a yanka ƙarfen, sannan a gabatar da sabon cif ga motar da na'urar da ake jonawa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari. Muddin makullin asali na hannunka, aikin ɗan lokaci ne. Ranar da ya faɗi a Tashar Jambutu, lissafi ya canja. Sai janwe, sai neman mai kwamfuta, wani lokaci sai an ciro ƙwaƙwalwar an sake mata rubutu, kana tsaye a ranar watan Afrilu ta Yola.

Masu Toyota su ƙara lura. Camry da Corolla da yawa sun zo da makulli iri biyu, baƙi da mai ruwan toka. Baƙin shi ne babba, da shi ake shigar da sabo cikin sauƙi. Mai ruwan tokar zai tayar da mota, amma ba shi da wannan ikon. Akwai masu yawo da shi shekara da shekaru ba su san ƙaramin ne a hannunsu ba. Ita kuma Fijo 406 tana zuwa da wani ɗan kati mai lambar sirri huɗu, wanda da wuya ya kai hannun mai saye na uku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin da wasu masu wayarin ke bayarwa: "Oga, bari kawai mu cire abin nan." Wasu ma cif ɗin suke ɓanɓarowa su liƙe shi a jikin zoben, ta yadda kowane ƙarfe da ya shiga ramin zai tayar da motar. Arha ba ta ado. Amurka ba ta tilasta imobilaiza ba, kamfanonin Kia da Hyundai suka sayar da miliyoyin motoci babu shi daga 2011 zuwa 2021, sai ga yara na koya wa juna satarsu a TikTok da sukudireba da wayar caji. Mu nan da kuɗinmu muke biya a mayar da motarmu haka, a garin da iyakar Kamaru ta wajen Gurin ba wata tafiya ba ce.

Ni dai ra'ayina, makulli na biyu ya shiga cikin ciniki tun a bakin dila. Ko ya kawo, ko ya rage kuɗin yin sabo. Kuma duk wanda ya sayi mota ta hannu, idan ya je yin safaya, ya sa a goge sauran makullan da ƙwaƙwalwar ta sani, domin wanda ba a ba ka ba yana wani wuri, wataƙila a aljihun tsohon direba. Su kuma masu sana'ar yin makulli, duk wanda ya zo musu da "makullina ya ɓata," su nemi takardun motar da katin shaidarsa, su duba lambar casis ta yi daidai kafin su jona na'ura.