Kafin Jirgin Ƙasa Ya Iso Sakkwato

Duk wanda ya saba bin hanyar Kalambaina ya san yadda tireloli ke fitowa daga masana'antar siminti a jere, kowace da lodin ɗaruruwan buhuna, 'yan kabu-kabu na kutsawa a tsakaninsu. Tun 1967 ake yin siminti a nan, amma har yau a kan titin mota yake fita, domin layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Shi ya sa Sakkwatawa ba su gajiya da kiran a kawo musu jirgi. Ina tare da su, sai dai akwai abin da ya kamata mu nema tun yanzu, wato yadda za a gina wuraren da layin zai ratsa titunanmu.

Jirgin ƙasa ba ya kaucewa, ba ya kuma tsayawa nan take. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, don haka jirgin kaya mai gudu kan yi fiye da kilomita guda bayan direba ya ja birki. Duk abin da ya tarar a kan hanya, sai dai wani ikon Allah. A ranar 9 ga Maris 2023, a mahaɗar PWD da ke Ikeja a Legas, jirgi ya yi awon gaba da motar bas ta ma'aikatan gwamnatin jihar, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Mutane ne da suka fito da safe za su tafi aiki.

Mai karatu, ka ƙaddara tirelar siminti ce ta mace a kan layi, ga jirgi ya taho. Tirela ba ta turuwa da hannu, kuma tsawonta ya sa tana daɗewa kafin ta gama tsallakewa. Saboda haka duk inda layi zai haɗu da babbar hanya irin ta Kalambaina, gadar sama ce mafita. A ƙananan hanyoyi a sa ƙarfen tare hanya da fitila da ƙararrawa, da mai gadi wanda ake biyan albashinsa a kan kari. A kuma rubuta ƙarara wanda gyaran kwaltar mahaɗa ke wuyansa, Hukumar Jiragen Ƙasa ko gwamnatin jiha, don kada rami ya zama maraya.

Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Wakilanmu su je su ga yadda aka tsara mahaɗunsa, su dawo da darasi. Tun ran gini ran zane. Mu kuma masu ababen hawa da ba ma iya jiran fitilar kan titi na minti guda, mu fara koyon haƙuri, domin jirgi ba ya sauraren magiya.

Allah Ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa.