Katakon Roba Ba Ya Maye Gurbin Azara

Ya ku fatake da dillalai na Daura, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure.

Ana ta tambayarmu a kan sabon katakon nan da ake shigowa da shi, galibi daga Sin, wanda ake kira katakon roba. Garin katako ne ake kwaɓawa da narkakkiyar roba, a matsa a inji, ya fito falle-falle. Ba ya ruɓewa da damina, gara ba ta cika damunsa ba, ba ya son fenti. Wannan duk gaskiya ne.

To amma na ji wani dillali yana ce wa mai shago wai ya yi ginshiƙin rumfa da shi. Haba malam! Wannan kaya na shimfiɗa ne, na daɓen baranda da benci da dandamali. Ba ya ɗaukar nauyin rufi. Ko a shimfiɗar ma, in tazarar sandunan da ke ƙarƙashinsa ta wuce inci 16, sai ya lotsa. Ga zafi. Wanda ya san ranar bazara a ƙasar Daura, sa'ad da awo ke haura 40, ya san baƙin falle ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. In za ku saro, ku zaɓi mai hasken launi, kuma mai cikakken ciki, don mai rami a tsakiya ya fi sauƙin kuɗi amma bakinsa saurin fashewa gare shi. A bar ɗan fili tsakanin falle da falle, domin yana miƙewa in ya sha rana. Kada a kusanta shi da murhun mai shayi ko tukubar mai tsire.

Ginshiƙi da rufi kuwa, ni dai ina nan a kan azara, ta namijin giginya da ya ƙosa. Ku dubi soraye na gidan Sarki. Aibinta ɗaya, giginya ta yi ƙaranci, ana cakuɗa ta da ɗanya. In ba ta samu ba, bututun ƙarfe ya fi farin katakon Kudu, wanda gara ke wa kallon tuwo.

Sannan tun 2023 da aka saki Naira, kuɗin kayan waje bin dala yake. Kada dillali ya yanke wa mai saye farashi sai ya ji na ranar daga Kano.