A kai darasin gado ɗakin kwamfuta

Roƙona ga malamanmu na kimiyya shi ne a daina tsayar da darasin gadon halitta a kan akwatin nan mai gida huɗu da ake zanawa a allo.

Akwatin ba ƙarya yake yi ba. Idan uwa AS ce, uba ma AS, gida ɗaya cikin huɗu SS ne, wato sikila. Sai dai da yawanmu a karkace muka fahimce shi. Ni kaina na ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai kamu. Na taɓa jin wata gwaggo a Karantina tana cewa tunda ɗan farinta ya ɗauke ciwon, ukun da za su biyo baya sun tsira.

A hutun da ya wuce ni da yayata muka gwada a Excel. Muka sa umarnin RAND ya riƙa zaɓar A ko S daga uwa, haka daga uba, kamar an wurga kwabo, muka haɗa iyalai 1,000 masu 'ya'ya huɗu-huɗu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan babu SS ko ɗaya. Wajen kwata kuwa suna da biyu ko fiye, har da tsiraru da duka huɗun. Duk danna F9 sai gidajen su canja, amma jimillar SS tana nan kusa da kwata. A nan na gane kowane ciki lissafinsa daban, babu ruwansa da na baya.

Mendel ma sai da ya ƙirga da yawa. A lambunsa na Brno ya samu ƙwayar bazilla 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsi, kusan uku da ɗaya. Shi shekaru ya yi, mu minti goma.

Za a ce kwamfutocin ba su isa ba. Darasi ɗaya ne fa, kuma Google Sheets yana aiki a waya. Masu cewa haihuwa ƙaddara ce sun yi gaskiya, amma neman sani bai saɓa wa tawakkali ba. A nan Saudiyya gwajin jini kafin aure ya zama dole tun 2004, Kano ma ta yi dokarta a 2024. Nan da 'yan shekaru mu za a miƙa wa takardar sakamakon, kuma ina so a ranar in iya yi wa Baba bayaninta da kaina.