Ɗaliban aikin likita: a haɗa su tun suna makaranta

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar wani a Maraɗi ya san mara lafiya ba ya warkewa a hannun mutum guda. Mu ɗauki mace mai naƙuda daga Tibiri ko Jiratawa. Ungozoma ce za ta fara duba ta a CSI. In haihuwa ta gardama a turo ta Maraɗi, mai awon jini ya auna, likita ya yi aiki, mai farmasi ya ba da magani, mai jinya ya kwana kanta. Hannu biyar ke nan. In ɗaya bai gaya wa ɗaya abin da ya gani ba, mu ne za mu sake biyan kuɗin awo, mu rufe rumfa kwana uku, wani lokaci ma a rasa rai.

To, a ina waɗannan mutane biyar suke koyon magana da juna? Ɗalibin likita yana jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Masu karatun jinya da ungozoma suna makarantar ENSP ta Damagaram ko makarantun kuɗi na cikin gari. Kowa da ajinsa, kowa da malaminsa. Ko sun haɗu a asibiti wajen gwajin aiki, kowane rukuni bayan shugabansa yake tafiya.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari kan wannan batu. Ta nemi ɗaliban fannoni daban-daban su yi karatu tare, kowa ya san aikin ɗan'uwansa, ya kuma koya daga gare shi. Kafin nan, a 1999, wasu malamai biyu a Ingila, Parsell da Bligh, sun tsara tambayoyi 19 don auna ko ɗalibai a shirye suke da hakan. A ƙasashe da dama da aka gwada, yawancin ɗalibai sun nuna suna so.

A ganinmu, cikas ɗin daga manya yake. Mu ne muke kiran yaro “dokta” tun yana shekarar farko, muna nuna masa ya fi mai jinya daraja. Shi kuwa wanda ya shekara ashirin yana riƙe da CSI a ƙauye, ya ga ciwon da ɗalibi bai taɓa gani ba sai a littafi.

Mun ga darasi da idonmu. A yunwar 2005, da kwalarar da ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018, aikin ceto ya tafi ne da masu jinya, da masu tsabta, da masu faɗakarwa a ƙauyuka, tare da likitoci. A Danja, inda aka buɗe asibitin yoyon fitsari a 2012, ana gyara ɓarnar da doguwar naƙuda take yi wa mata, ɓarnar da saurin tura mace wurin tiyata yake hanawa. An sa kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, an rage kuɗin asibiti a 2024. Madalla. Amma rangwame ba ya sa ma'aikata su saurari juna.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi da yawa. Jami'a da makarantun jinya su riƙa tura ɗalibansu gwajin aiki a rukuni guda, mara lafiya ɗaya, takarda ɗaya, a kuma ba su maki kan yadda suka miƙa wa juna aiki.

Mu iyaye ma da namu. Mu muke cire kuɗin makaranta daga ribar gujiya da zogale. Ranar biya mu tambayi shugaban makaranta: da su wa ɗiyarmu za ta yi gwajin aiki? A kasuwa mun san dillali ba ya raina ɗan dako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.