Tumbi Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

A al'adar Bahaushe, idan magidanci ya aje tumbi, wuyansa ya yi kauri, sai a ce daula ta zauna masa. Idan kuwa ya rame, sai dangi su shiga tambayar abin da ke damunsa. Lokaci ya yi da za a sake duban wannan ra'ayi, musamman dangane da mutumin da ƙiba ta haɗu masa da yawan sukari a jini, domin ɓarnar da ke aukuwa a jikinsa ido ba ya ganinta.

Jijiyoyin jini kamar magudanun ruwa suke a lambun rani. Muddin suna buɗe, kowane fangali zai sha. Sukari idan ya daɗe yana yawa a jini, yakan lalata shimfiɗar da ke cikin jijiya, har ta kasa saki da buɗewa yadda ta saba. Daga nan sai kitse ya riƙa maƙalewa a bangonta, hanya ta ƙuntace, zuciya ta shiga turo jini da ƙarfi. Ƙananan jijiyoyi na ido da ƙoda da tafin ƙafa su ma ba su tsira ba. Wannan ne dalilin da ɗan ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon sukari yakan ƙi warkewa, wani lokaci har ya kai ga yanke ta. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ma ta nan sukan ɓullo.

Abin takaici shi ne, cimar da birni ya ɗauka ta 'yan gata, ita ce ke rura wutar. Farar shinkafa da burodi da lemon kwalba da shayi mai zaƙi nan da nan sukan narke su cika jini da sukari. Soye-soye da kitsen nama sukan ƙara abin da ke toshe jijiya, gishiri da ɗanɗanon miya kuwa su hau da jini. Alhali wake da zogale da rama da kuɓewa, da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba, a hankali suke sakin sukarinsu saboda dusa da zaren da ke cikinsu. Amma fa ko tuwon dawa ne, malmala uku a zama ɗaya illa ce.

Wani zai ce ciwon sukari gado ne. Gaskiya ne gado yana da nasa hannu, amma binciken da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu ƙiba da sukarinsu ya fara hawa, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali guda.

Saboda haka, wajibi ne uwargida ta yawaita ganye a miya ta rage mai, maigida ya rage loma ya riƙa taka ƙasa, wanda likita ya ɗora bisa magani kuma ya ci gaba da sha. Dangi su ma su daina yi wa wanda ya sauke tumbi kallon marar lafiya, gama rigakafi ya fi magani.