Filin Aikin Hannu: Fitilar Wanke Hoto ta Gida

A watan jiya wata uwa ta kawo mana wani tsohon gwangwani a makaranta nan Wudil. A ciki akwai fim ɗin hotunan aurenta, da na marigayi maigidanta. Hotunan takarda gara ta cinye, sai fim ɗin kaɗai ya rage. Ta zaga wurin masu hoto, kowa ya ce mata yanzu aiki ya koma kan waya da kwamfuta. Jikokinta kuwa ba su taɓa ganin fuskar kakansu ba.

To, muna da tsohuwar na'urar ƙara girman hoto a ɗakin ajiya, amma ƙwanta ya mutu. Ko da can ma ƙwan yana da zafi har ya kan lanƙwasa fim, in wuta ta yi ƙasa kuma haskensa ya dushe. Sai muka ce da yaran aji, bari mu gwada ƙananan ƙwayayen nan na LED, irin na tocilan. Ba su da zafi sosai, kuma batirin babur mai volt 12 ya ishe su.

Ga yadda muka yi. Mun sayo farare 12 a wurin masu kayan rediyo a Kasuwar Sabon Gari, Kano. Muka jera su uku uku, kowane jeri da rizista mai ohm 150, don kada su ƙone. Muka sa farar roba a ƙarƙashinsu domin hasken ya bazu daidai, in ba haka ba tsakiyar hoto ta fi gefe baƙi.

Fitilar ɗaki kuwa ja ce. Takardar hoto mai baƙi da fari tana jin shuɗi da kore, amma ba ta cika jin ja ba. Duk da haka a gwada. A ɗora kwandala a kan takarda, a bar ta minti 5 a ƙarƙashin jar fitilar, sa'an nan a wanke. In zoben kwandalar ya fito, a nisanta fitilar.

Saura ma'aunin lokaci, gama daƙiƙa 2 suna iya ɓata hoto. Akwai wani ɗan abu mai ƙafafu 8 da masu gyaran rediyo suka sani da lamba 555. Tun 1972 yake kasuwa, har yau yana da araha. In an haɗa shi da rizista mai ohm 100,000 da kondansa mai mikrofarad 100, ya kan kunna fitila wajen daƙiƙa 11 ya kashe da kansa. Mun sa rizista mai murɗawa irin ta ƙara sautin rediyo, muka riƙa gwadawa da agogo muna sa alama.

Hoton farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu fari fat. Sannu ba ta hana zuwa. A na biyar fuskar dattijon ta fara bayyana cikin ruwan magani, yara suka yi tsit. Da uwar ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta miƙa wa jikanta.

Iyaye, ku duba akwatunanku. Kada ku zubar da tsohon fim. Ku nannaɗe shi cikin takarda mai tsabta, ku ajiye inda ba zafi ba laima. Sai wata mai zuwa, za mu yi bayanin haɗa ruwan maganin.